Shayin La'asar na Ingila: Me Ya Sa Wani Ke Zama a Rai, Wani Kuma a Manta da Shi?

Tambaya: Wata baiwar Allah ta rubuto cewa a ziyarar da ta kai Landan an gayyace ta shayin la'asar sau biyu, a wurare biyu daban. Na farko ya fi tsada kuma ya fi ƙyale-ƙyale, amma ko abin da ta ci ba ta iya tunawa. Na biyun kuwa har yau yana ranta. Tana so ta san inda bambancin yake, kuma in za ta shirya wa baƙinta irinsa a gida, a ina za ta fi sa ido.

Amsa: Hajiya, abin da kika gani ba baƙon abu ba ne ga masu wannan sana'a. Shayin la'asar a kan lokaci ya tsaya, domin kusan duk abin da ake ajiyewa a teburin nan ransa gajere ne. Shayi mintoci kaɗan ne tsakanin bai yi ba da ya zarce. Sikon, wato ɗan dunƙulen burodin nan da ake shafa wa jam da kirim, in ya wuce rabin awa da fitowa daga obin ya fara komawa wani abu dabam. Sanwici in aka bar shi a buɗe na minti 15 sai gefensa ya bushe ya lanƙwashe. Saboda haka a kicin da agogo ake aiki, har da ƙirgen mintoci. A wajen baƙo kuma akasin haka ake so: ya zauna awa ɗaya da rabi ko biyu bai ga alamar ana jira ya tashi ba. Wurin da ya iya haɗa waɗannan biyun shi ake tunawa. Mai yiwuwa wuri na farkon da kika je ya kashe kuɗinsa a kan fitilu da kofunan tangaran masu bakin zinariya, ya bar agogon kicin yana tafiya yadda ya ga dama.

Asalin al'adar ma yana nuna hakan. Ana jingina ta ga Anna Maria Russell, matar wani basaraken Ingila, Duke na bakwai na Bedford, wadda ta yi hidima a fadar Sarauniya Biktoriya. A wajajen 1840 manyan gidajen Ingila sai kusan ƙarfe 8 na dare suke cin abincin dare, tsakaninsa da na rana kuwa tazara mai tsawo ce. Sai ta riƙa sa wa a kawo mata shayi da burodi da bota da ɗan kek zuwa ɗakinta da yamma, daga baya ta fara gayyatar ƙawayenta. Wato tun farko abin taɓa ka lashe ne da hira, ba a zo don a ƙoshi ba. Otal-otal sun ɗauka daga baya. Langham da aka buɗe a 1865 yana iƙirarin shi ne ya fara, Ritz na Landan da aka buɗe a 1906 ya yi suna da zaurensa na Palm Court, kantin Fortnum & Mason kuma yana da zauren shayin da Sarauniya Elizabeth ta biyu ta buɗe a 2012. A arewacin Ingila akwai Bettys na garin Harrogate tun 1919. Wani kuskure da ya kamata ki kauce masa: mutane da yawa suna kiransa "high tea" suna zaton sunan girmamawa ne, alhali wancan abincin yamma ne na ma'aikata, mai nama da dankali, da ake ci a dogon tebur bayan an taso daga aiki.

Mu fara da shayin kansa, don shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, har a manyan wurare. Abu na farko da za ki cire daga ranki shi ne dafawa. Mu mun saba a zuba ganye a tukunya da citta da kanumfari a bar shi ya yi ta tafasa, Buzaye kuma su tafasa ganye ɗaya har zagaye uku a 'yar buta kan gawayi. Duk shayi ne mai daɗi a muhallinsa, amma na Ingila jiƙa shi ake yi: a tafasa ruwa daban, a zuba a kan ganye, a rufe, a ƙirga, a tace.

Ma'auninsa giram 2 da rabi zuwa 3 na ganye ga kowane mililita 200 na ruwa, kamar ƙaramin cokali mai tozo ke nan ga kofi ɗaya. Buta mai cin lita ɗaya tana son giram 12 zuwa 15. In kina da ɗan sikelin kicin ki yi amfani da shi, domin ganye mai faɗi yana cika cokali ba tare da ya yi nauyi ba, shi kuma mai ƙananan ƙwayoyi cokali ɗaya nasa ya kusa ninka wancan ƙarfi. Ki ɗauraye butar da ruwan zafi kafin ki zuba ganye. Buta mai sanyi shanye zafin ruwan take yi, ya faɗo ƙasa da abin da ganyen ke bukata, shayin ya fito salam. Ruwan kuma ya zama sabon ɗiba, a tafasa shi sau ɗaya. Wanda ya wuni a filas ko aka yi ta maimaita tafasa shi yana dakushe ƙamshi.

Kowane ganye da zafin da yake so. Na Asam, daga arewa maso gabashin Indiya, mai kauri ne mai ɗaukar madara, yana son ruwa da zarar ya tafasa, minti 4 zuwa 5. Na Dajilin, daga gindin tsaunukan Himalaya, siriri ne mai ƙamshi, a bar ruwan ya huce zuwa wajen digiri 90, minti 3 ya isa, kuma madara ɓata shi take yi, musamman tsinkar farko ta watan Maris da Afrilu. Earl Grey baƙin shayi ne da aka ƙamsasa da man ɓawon wani lemo da ake kira bagamot, minti 3 zuwa 4, ana shan sa haka nan ko da yankan lemun tsami. Koren shayi kuwa digiri 75 zuwa 80, minti 2. In aka kwara masa tafasasshen ruwa ɗaci kawai zai bayar. Wanda ake kira English Breakfast gauraye ne, galibi na Asam da Siri Lanka da Kenya, shi ne kuma mafi sauƙin sha'ani ga baƙon da bai san abin da zai zaɓa ba. Shayin da ake nomawa a Kakara, kan tsaunin Mambila a jihar Taraba, baƙin shayi ne da ke karɓar madara, zai iya tsayawa a wannan gurbin.

Ga kuma inda gizo ke saƙar. A wurare da yawa sai a kawo buta da ganyen a ciki a ajiye miki a tafi. Kofin farko ya fito ja garau, kina ganin gindin kofin ta cikinsa. Kin ci sanwici, kin yi hira, bayan minti 20 kin sake zubawa, sai ga shi ya yi duhu, yana bauri yana ɗaure baki kamar ɗanyar kanya. Ganyen ne bai daina jiƙa ba, yana ta sakin sinadarin tanin. Ana kawo 'yar butar ruwan zafi a gefe don a sirka, amma sirki ƙarfi yake ragewa, ba ya cire bauri. Maganin shi ne a raba ganye da ruwa da zarar lokaci ya cika: ko dai buta mai ɗan kwandon tacewa a ciki da za a ɗaga a cire, ko a jiƙa a buta ɗaya a tace cikin wata da aka ɗumama. Wurin da ya san aikinsa yana kawo sabuwar buta bayan kamar rabin awa ba tare da an roƙa ba, har ya tambaye ki ko za ki sauya ganye kafin a shiga kayan zaƙi. In kin tuna da kyau, ina kyautata zaton wuri na biyun nan haka ya yi.

Ruwa ma yana da nasa. Ruwan famfon Landan mai nauyi ne saboda alli da ke ƙasar yankin, shi ke sa wata 'yar yana ta taso a saman shayi, don haka wuraren kirki tace shi suke yi. Ruwan burtsatse mai gishiri-gishiri ko na famfo mai warin kulorin haka zai yi miki. Ki yi amfani da tatacce. Madara kuma ta ruwa ce, mai sanyi, a 'yar butarta, kowa ya zuba daidai son ransa. Madarar gwangwani tana da nata ɗanɗanon dahuwa da ke rufe ƙamshin ganye, in babu ta ruwa gara a dama ta gari da ruwa a sa a firji ta yi sanyi. Gardamar a fara zuba madara ko shayi tsohuwa ce a Ingila, ba ta kuma da ranar ƙarewa. Zuba shayi da farko dai ya fi ba mutum damar ganin kalar da yake so. Abu ɗaya da ba gardama a kansa: kada lemun tsami da madara su haɗu a kofi ɗaya, tsinkewa za ta yi.

Sai sanwici, wanda da shi ake buɗe ci. A marikin faranti mai hawa uku, shi ne a ƙasa, sikon a tsakiya, kayan zaƙi a sama, ana kuma ci daga ƙasa zuwa sama, daga gishiri zuwa sukari. Kowane mutum sirara 4 ko 5 masu siffar yatsu, kala-kala: kokwamba, ƙwai da mayonis, kifin salmon mai hayaƙi da cuku mai laushi, da kazar nan ta kori da aka ƙirƙiro don bikin naɗin Sarauniya Elizabeth a 1953. Kowane ɗaya bai wuce loma biyu ko uku ba.

Na kokwamba shi ne ma'aunin gwanin kicin, don ba shi da inda zai ɓoye aibinsa. A fere kokwambar, a yanka ta siriri kamar milimita 2, a barbaɗa gishiri a bar ta a rariya minti 15 zuwa 20 ruwan ya tsiyaye, a tsane ta da tsumma mai tsabta, sannan a sa ɗan farin masoro da ɗigon ruwan kal. In aka tsallake matakin gishirin, ruwan a cikin burodin zai fita, ki ɗauko abu ya yi laƙwas a hannu. Bota mai laushi a shafa ta har bakin gefe a kan yanka biyun, domin ita ce katangar da ke hana danshi shiga burodi. Burodin da ya kwana ɗaya ya fi yankuwa. A nan akwai matsala ga mai yi a gida: yawancin burodinmu na kanti akwai sukari da yawa kuma yana da taushi ƙwarai, zaƙinsa yana faɗa da kifi da ƙwai, wuƙa kuma tana latse shi. Ki nemi marar zaƙi, ko ki ba da saƙo a gasa miki. Bayan kin haɗa, ki jera su ba tare da kin cire ɓawon gefe ba, ki lulluɓe da tsumma mai ɗan danshi, ki sa a firji na rabin awa zuwa awa biyu. Sai baƙi sun zauna za ki yanke ɓawon da wuƙa mai haƙora, kina zarta ba danna ba, ki raba kowanne gida uku. Ɓawon nan shi ke tsare cikin daga bushewa, don haka cire shi shi ne aikin ƙarshe.

Sikon shi ne zuciyar taron, kuma shi ne abin da mutane suka fi tunawa in ya yi, suka fi jin haushi in bai yi ba. Mai kyau yana tashi tsaye, samansa ya yi ruwan zuma, da wata tsaga da ta zagaye ƙugunsa. Ki kama shi da hannu biyu ki ɗan buɗa, sai ya rabe gida biyu ta wannan tsagar ba tare da wuƙa ba, ɗan tururi ya taso, cikin yana da laushi yana ɗan marmashewa. Da zafi-zafi akan daki ƙarfe: shi ya sa wuraren da suka san abin da suke yi ba sa ɗora shi a mariki tun farko ya zauna yana hucewa ana cin sanwici. Sai an gama da sanwicin ake kawo shi, a naɗe cikin adiko.

Ga ma'aunin da zai ba ki 14 zuwa 16: fulawa giram 500, bekin fauda, wadda wasu ke kira bakar hoda, ƙaramin cokali 5, gishiri rabin ƙaramin cokali, bota mai sanyi ƙarara giram 120, sukari giram 60, madara mililita 250 zuwa 280 da aka matsa wa ɗan lemun tsami, sai ƙwai ɗaya na shafawa a sama. Ki tankaɗe fulawa da bekin fauda da gishiri, ki murza botar da kan yatsu har ta koma kamar tsakin dambu, ki zuba sukari, sannan madara, ki juya da wuƙa ko cokali har ya haɗe kawai. Ki juye a tebur, ki naɗe shi sau biyu ko uku, ki danna da tafin hannu zuwa kaurin santimita 3. Ki yanka da magwajin yanka, wato zagayayyen ƙarfen yanka kwaɓi, mai faɗin santimita 5 da kika tsoma a fulawa. Obin ya riga ya kai digiri 220, tiren ma ya yi zafi a ciki, minti 12 zuwa 14.

Abubuwan da ke ɓata shi sanannu ne, kowanne kuma da dalilinsa. Wanda ya fi yawa shi ne cuɗawa. Hannun da ya saba da kwaɓin cincin ko na burodi sai ya so ya murza har ya yi santsi, alhali murzar nan ita ke tayar da danƙon fulawa, sikon ya fito da tauri yana jan haƙori. Kwaɓin sikon in ya yi kyan gani ya lalace. A bar shi da ɗan kaushinsa da ɗan manne wa hannu. Na biyu, bota mai narkewa. Ƙananan gutsattsarin bota masu sanyi su ke narkewa cikin obin su bar gurabe masu tururi, abin ya tashi. A garin zafi bota tana sakin jiki tun a hannu, don haka ki daskarar da ita ki goga a magogi kai tsaye cikin fulawa, kuma bayan kin yanka ki mayar da su firji minti 15 zuwa 20 kafin gashi. Na uku, murɗa magwaji lokacin yanka: murɗawa tana liƙe gefen, sai ya tashi a karkace kamar hular da aka karya. A danna a miƙe, a ɗaga a miƙe. Haka ma ƙwan shafawa in ya zubo ta gefe, yana ƙafewa ya riƙe wannan ɓangaren. A sama kawai ake shafa shi. Sai bekin fauda da ta daɗe a buɗe ta sha iska. Ki gwada ta tukuna: rabin cokali a ruwan zafi, in ba ta yi kumfa nan take ba ki zubar. Kwaɓin da aka danna ƙasa da santimita 2 kuwa biskit zai ba ki komai kyawun sauran aikin.

Abin da ake shafa masa biyu ne, jam na sitiroberi da daskararren kirim irin na kudu maso yammacin Ingila. Wannan kirim ɗin ba wanda ake bugawa ya yi kumfa ba ne. Mai kauri ne kamar man shanu mai laushi, da ɓawo rawaya a samansa, kuma na yankin Konwol da ke da kariyar suna a doka tun 1998 dole maiƙonsa ya kai kashi 55 cikin 100. Mutanen yankin Debon, maƙwabtan Konwol, kirim suke fara shafawa sannan jam, na Konwol jam tukuna sannan kirim, kuma kowane ɓangare yana ganin ɗayan ya ɓata. Ki bi wanda ya yi miki. Abin da baƙo ke tunawa ba wannan ba ne, yawan kirim ɗin ne: wurin da ya kawo ɗan mitsitsi a ƙaramin kwano don mutum biyu su raba ya riga ya nuna halinsa. Babban cokali mai tozo ga kowane sikon, sikon biyu ga kowane mutum.

Yin sa a gida yana yiwuwa amma yana son haƙuri da wuta mai tsayawa. A zuba kirim mai maiƙo sosai a faffaɗan kwano, zurfinsa kada ya wuce santimita 4 ko 5, a sa a obin a digiri 80 na awa 12, a fitar ya huce, a sa a firji ya kwana, da safe a kwashe daskararren saman. Sharaɗin shi ne kirim ɗin ya zama na shanu zalla kuma ba irin na kwali mai daɗewa ba, don wanda aka dafa da zafi mai tsanani don ya jima ba ya daskarewa da kyau, na man tsirrai kuwa ko kusa. Mai samun ɗanyar madarar shanu mai tsabta zai iya bin tsohuwar hanyar manoman Debon: a bar madara a faffaɗar tukunya cikin firji ta kwana maiƙon ya taso, a ɗora a wuta ƙasa-ƙasa kamar awa ɗaya ba tare da ta tafasa ba har saman ya yi yamutsa-yamutsa, a huce, a sake sanyayawa, a yaɗe. Abin da ake samu kaɗan ne. In duk wannan ya gagara, ki buga kirim ba sukari har ya yi kauri sosai, ki haɗa da ɗan cuku mai laushi. Ba shi ba ne, amma ya fi bota nesa ba kusa ba.

Kayan zaƙi ba sai an tsawaita ba, duk da cewa su ne aka fi ɗauka hoto. Zuwa lokacin da aka iso kansu ciki ya kusa cika, don haka 3 ko 4 ƙanana sun isa, kuma kada su zama dangi ɗaya: ɗaya mai tsami kamar na lemun tsami, ɗaya na cakulan, ɗaya mai 'ya'yan itace, ɗaya kek marar nauyi. Kek ɗin da aka sa wa sunan Biktoriya shi ne mafi sauƙi: a auna ƙwai 4 da ɓawonsu, a sa bota da sukari da fulawa mai bekin fauda kowanne daidai wannan nauyin, a raba a gwangwani biyu masu faɗin santimita 20, digiri 180, minti 20 zuwa 25, a haɗa su da jam a tsakani. Kek da ya fito daga firji kai tsaye ba shi da ɗanɗano, botar cikinsa ta ƙame. A fitar da shi minti 20 ko 30 kafin ci. Mai kirim ko cakulan kuwa, a lokacin bazara, sai an zo kansa za a fito da shi.

Yanzu ɗaya rabin maganar, wato abin da baƙo ke ji a jikinsa. Manyan otal suna yin zama da yawa a rana, Ritz ma tun kafin azahar yake farawa har zuwa dare, don haka kowane tebur yana da lokacin da za a tashe shi. Gwanintar mai hidima ita ce ya tafiyar da wannan lokaci ba tare da kin ji ba. Yana kawo shayi cikin mintoci kaɗan da zamanki, ya faɗi abin da ke cikin kowane sanwici a gajarce ya ja da baya, ya lura kin fi son na ƙwai ya ƙaro shi, ya sauya miki faranti kafin sikon don kada jam ya haɗu da ƙarnin kifi, bai kuma katse hira don ya tambaya ko komai lafiya sau biyar ba. Abin da ya rage ya sa miki a ɗan kwali ki tafi da shi. Ba a banza aka ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma ba. Sauran kuma ƙananan abubuwa ne da ba a lura da su sai sun ɓaci: teburin da ya yi kaɗan har ana tsoron ture buta, kujerar da ba ta jinginuwa, kiɗan da ya fi ƙarfin murya, na'urar sanyaya ɗaki da ke hura wa shayi kai tsaye, kofi mai kaurin baki.

Ga Musulmi mai zuwa irin waɗannan wurare akwai abin da ke iya ɓata zaman gaba ɗaya in ba a shirya masa ba. Sanwicin naman alade yana cikin jerin da aka saba kawowa, ana yawan haɗa tayin da kofin giyar shamfen, wasu kayan zaƙin akwai barasa a cikinsu, wasu kuma an daskarar da su da jelatin wanda sau da yawa daga alade ake samo shi. Ki faɗa tun lokacin kama wuri, kwana biyu ko uku kafin ranar, ki nemi jerin kifi da ganye ko na halal in suna da shi, ki kuma ambaci barasa da jelatin da sunansu, don mai ɗaukar saƙo yakan zaci nama kawai ake nufi. In aka bari sai an zauna, abin da za a yi shi ne a kwashe rabin marikin a bar miki gurabe. Ki tambayi ka'idar sutura ma. Ritz, alal misali, yana bukatar maza su sa kwat da nakatayi. Ladubban ci kuwa ba su da yawa: a juya cokali gaba da baya ba tare da ya buga kofi ba, a ajiye shi a ƙaramin farantin, a shafa wa kowane ɓarin sikon daban ba a mayar da shi sanwici ba. Ɗaga ƙaramin yatsa da ake gani ana yi ba ya cikin ladabi, su kansu Turawan dariya suke yi masa.

In a gida za ki yi, tsakanin sallar La'asar da Magariba shi ne gurbinsa, ki ce wa baƙi ƙarfe 4 da kwata, mutum 4 zuwa 6, don fiye da haka buta ɗaya da hannu biyu ba za su riƙe su ba. Kek da kirim da haɗin kaza tun jiya. Da hantsi ki murza fulawa da bota ki ajiye a firji ba tare da madara ba. Ƙarfe 2 ki haɗa sanwici ki lulluɓe. Ƙarfe 3 da rabi ki kwaɓa sikon, ki yanka, ki mayar firji, ki kunna obin. Baƙi na zama ki ɗora ruwa, ki yanke ɓawon sanwici yayin da shayi ke jiƙa. Sikon kuma ki sa shi a obin a daidai lokacin da kika ajiye farantin sanwici a tebur: minti 13 na gashi da minti 5 na hucewa, zai fito daidai sun cinye na ƙarshe, ke kuma kina ɗora ruwan buta ta biyu.